Shekarar da Pillars da Ɗana Suka Maimaita Aji

A daminar 2022 faɗuwa biyu ta same ni cikin 'yan makonni. Ɗaya, Kano Pillars, ƙungiyar da nake goyon baya tun ina saurayi, ta faɗo daga gasar Firimiya ta Najeriya zuwa gasar 'yan dagaji. Ɗayar kuma, ɗan farina ya faɗi jarrabawar BEPC. Ta Pillars na yi watanni ina kare ta a duk majalisar da na zauna. Ta ɗana kuwa, ko maganarta ban yarda a yi a gabana ba. Wanda ya nuna mini wannan bambanci mutum ne da a lokacin ko gaisawa ba ma yi.

Ni malamin lissafi ne a wata kwaleji a nan Dakoro, kilomita ɗari da 'yan kai arewa da Maraɗi. Mutanen gari "Mushe" suke ce mini, kamar yadda ake ce wa kowane malamin lakwal a ƙasar nan. Yaron ba zan kama sunansa ba. Ɗan fari ne, kun san al'ada.

Wani zai ce, me ya haɗa ɗan Nijar da ƙungiyar Kano? Hanya ce ta haɗa mu. Manyan ƙungiyoyin ƙasarmu yawancinsu a Yamai suke, na soja da na jandarma da na kwastan da na 'yan sanda, kuma daga Maraɗi zuwa Yamai ya fi kilomita 600. Kano ta fi kusa da mu nesa ba kusa ba. Manyanmu suna ba da labarin Jangorzo ta Maraɗi da ta zama zakarar ƙasa a 1983, amma ni ban yi wayo a lokacin ba. Abin da na yi wayo na gani shi ne kawuna, dillalin dabbobi, yana kai raguna Kano gab da layya. Wata shekara ya tafi da ni in taya shi, da muka sayar ya kai ni filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata. Ban taɓa ganin taron mutane irin wannan ba in ba a masallacin Idi ba. Da dubban bakuna suka ɗauki "Sai Masu Gida!" a lokaci guda, sai da tsikar jikina ta tashi. Na dawo Dakoro da riga mai ruwan ɗorawa da kore, ban sake duban wata ƙungiya ba. In Mena za ta buga, ni ɗan Nijar ne gaba da baya. Sauran ranakun mako kuma na Pillars ne.

Kuma ba ta ba ni kunya ba. Ƙungiyar da aka kafa a 1990 ta hanyar haɗe wasu ƙungiyoyin Kano uku ta ɗauki kofin Firimiya a 2008. A 2009 ta fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar Zakarun Afirka, alhali Al Ahly ce ke riƙe da kofin, ta kai har wasan kusa da na ƙarshe kafin Heartland ta Owerri ta tare ta. Ta jera kofi uku, 2012 da 2013 da 2014. Ta yi sama da shekara goma ba a doke ta a gida ba a wasan lig, sai a 2015 Nasarawa United ta karya wannan tarihi. A 2019 ta ɗauki kofin ƙalubale a Kaduna bayan bugun fenariti da Niger Tornadoes. Duk wannan na haddace shi kamar jadawalin ninkawa, kuma ba na jira a tambaye ni kafin in karanto.

Wanda ya fi shan wannan karatu shi ne maƙwabcina, wani tela da shagonsa ke kallon ƙofar gidana. A ƙofar shagonsa fadarmu take, nan muke dafa shayi bayan Isha. Shi Bakatsine ne na Maraɗi, kuma ba ya bari a manta. Ya kan tuna mini cewa Katsinawan da suka baro Katsina bayan jihadi su ne suka kafa Maraɗi a ƙarƙashin Ɗan Kasawa, har yau kuma sarkinta Sarkin Katsinan Maraɗi ake ce masa. Saboda haka, in ji shi, duk mutumin jihar nan da ba ya bayan Katsina United ɓataccen ɗa ne. Ni kuma in ce masa ya nuno mini kofi ko ɗaya. Shekara da shekaru muna haka. Ranar da aka doke mu shi ke sayen sukari don murna, ranar da aka doke su ni nake saye.

Sai watan Afrilun 2022, cikin azumi. Katsina United ta je Kano. Wasa bai ƙare ba magoya bayan Pillars suka kutsa cikin fili, aka tashi baram-baram, aka kuma farfasa motar 'yan wasan Katsina. Hukumar gasar ta ci Pillars tarar naira miliyan 9, ta kore ta daga filinta zuwa Abuja, aka zaftare mata maki uku.

Daren da hotunan motar suka iso wayoyinmu, muna zaune bayan shan ruwa. Tela ya miƙo mini wayarsa bai ce komai ba. Da na yi shiru da ya fi. Amma sai na ce ai mota ce kawai, gwamnati za ta sayo wata, kuma duk wanda ya je gidan wani ya hana shi ci, to ya shirya ɗanɗana kuɗarsa.

Ya ce, "Mushe, motar nan 'ya'yan mutane take ɗauka fa."

Na ce, "To su koyi ladabi in sun zo gidan manya."

Ya dube ni ya ce, "Kai ne kake koyar da 'ya'yanmu?"

Daga nan magana ta ɓaci. Na faɗi abin da ba zan maimaita a nan ba, na tashi na bar kofina. Ɗana ne ke zuba shayi a daren, duk a kunnensa aka yi. Tun daga ranar na daina zama a fada. Sallah ta zo ta wuce, ɗinkin yarana ma wani telan na kai.

A Yuli kaka ta ƙare. Rivers United ta ɗauki kofi, ƙungiyoyi huɗu suka faɗi: MFM ta Legas, Heartland, Kano Pillars, da Katsina United. Mu da su, hannu riƙe da hannu. Da muna shiri da tela, da an sha dariya a daren nan.

Ita kuma jarrabawa, duk wanda ya taɓa tsayawa a harabar makaranta ranar faɗin sakamako ya san yadda take. Ana karanto sunaye ɗaya bayan ɗaya, nan a yi guɗa, can a fashe da kuka. Aka karanto waɗanda suka ci kai tsaye, babu shi. Aka karanto waɗanda za su je zagaye na biyu, babu shi. Ɗan tela kuwa, abokinsa tun suna rarrafe, sunansa ya fito tun a jerin farko. Abokan aikina suka riƙa zuwa suna dafa kafaɗata kamar an yi mini rasuwa. Ni kuma abin da ke ƙuna a raina ba makomar yaron ba ce. Sunana ne. Ɗan malamin lissafi ya faɗi, lissafin ma yana cikin abin da ya kayar da shi.

Da na koma gida magana ɗaya na yi masa: "Ka kunyata ni." Daga nan na rufe bakina. Kunyar ɗan fari ta ba ni mafaka. Da ma ba hira muke yi ba, saboda haka wanda ke waje ba zai ga wani canji ba. Amma shi ya gani, mahaifiyarsa ma ta gani. In ya gaishe ni in amsa da hanci. In ina son a kai tumaki kiwo, sai in gaya wa uwar ta gaya masa. Wata biyu muna haka a gida ɗaya.

A cikin wannan wata biyun kuwa bakina bai huta ba a kan Pillars. A ɗakin malamai, a kasuwa, a gidan kallon ƙwallo, duk wanda ya tsokane ni yana samun amsa. In ce musu faɗuwa ba mutuwa ba ce. In kawo musu Juventus ta Italiya da aka jefa rukuni na biyu a 2006 saboda badaƙalar alƙalan wasa, amma Buffon, wanda bai daɗe da ɗaukar kofin duniya ba, ya zauna, Del Piero ya zauna, Nedved ya zauna, shekara guda suka dawo. In ce masoyin gaskiya a ranar faɗuwa ake gane shi, ko a filin ƙauye Pillars za ta koma buga wasa ina bayanta. Ina faɗin haka da ƙarfi, don in tabbatar wanda ke cikin shagon da ke kallon gidana ya ji.

Ashe ya ji.

Wani dare a watan Satumba, ana saura 'yan makonni a koma makaranta, aka yi sallama a ƙofar gidana bayan Isha. Na fito na tarar da tela, riƙe da wani abu a leda. Muka gaisa sama-sama.

Ya ce, "Mushe, ban zo sulhu ba. Amana na kawo maka."

Ya buɗe ledar. Wandon ɗana ne. Ya ce yaron ya kawo masa shi da rana, ya roƙe shi ya ɗinka masa aljihu ta ciki, daidai ƙugu, inda ba za a gani ba, kuma kada ya gaya wa kowa. Duk telan garin nan ya san ma'anar wannan aljihu. Na matafiya ne, masu bin hanyar Agadas, daga can wasu su nufi Libiya, wasu Aljeriya, wasu ramukan zinariya. Mun san waɗanda suka dawo da babur da rediyo. Mun kuma san gidajen da har yau ba a sami ko labari ba. Yarona shekararsa goma sha shida a lokacin.

Ƙafafuna suka yi sanyi, na zauna a dakali. Shi ma ya zauna.

Ya ce, "Ku kun faɗi, mu ma mun faɗi, wannan kam an yi canjaras. Amma ina jin ka daga shago kana rantsuwa ko ƙauye Pillars ta koma kana bayanta. Kanawan nan ba su san kana duniya ba, ka yi musu wannan alkawari. To wanda ka haifa fa, Mushe? Shi wa ke bayansa?"

Ban sami amsa ba. Ya ajiye wandon a cinyata ya ce shi bai ɗinka ba, kuma ba zai ɗinka ba, sauran aiki nawa ne. Ya yi mini sai da safe.

Daren nan ban runtsa ba. Abin mamaki, tunanina wajen makin nan uku ya riƙa komawa. Tun Afrilu nake cewa zalunci aka yi mana. Amma a kwance cikin duhu babu wanda zan yi wa gardama. Wa ya zubar da makin? Ba mai tsaron gida ba ne, ba ɗan gaba ba ne. 'Yan wasa suna cikin fili suna aikinsu. Masu cewa sun fi kowa son ƙungiyar su ne suka kutsa suka jawo mata hukunci, suka raba ta da filinta a lokacin da ta fi bukatarsa. Ashe mai goyon baya yana iya kayar da ƙungiyarsa, yana ihun sonta.

Sai na fara lissafa makin da ni na zubar wa ɗana. Kowace yamma ina da darasin kuɗi da nake ba 'ya'yan mutane, sai an yi Magariba nake shigowa gida a gajiye. A shekarar jarrabawarsa shi ne mai ɗebo ruwa da amalanke, kuma kun san ruwan Dakoro ba a kusa yake ba. Shi ne mai kiwo, shi ne ɗan aike. In takardar sakamakon zango ta zo, wuri ɗaya nake duba: na nawa ya zo? Ban taɓa buɗe littafinsa in ga a ina ne yake tuntuɓe ba. Sau biyu ko uku da ya kawo mini tambaya tun yana ajin farko na kwaleji, amsar da ya samu ita ce, "Ɗan malamin lissafi bai san wannan ba?" Daga nan bai sake kawowa ba, ni kuma na ɗauka ya gane ne. Sannan ga sandar da nake dukansa da ita kullum: "Dubi ɗan tela." Hamayyar da nake yi da uban a kan ƙwallo na ɗauke ta na aza a kan yara biyu da ba ruwansu. Hausawa suka ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Shekara huɗu ina tsaye a kan nawa.

Magana tsakanin uba da ɗan fari ba ta yiwuwa ido da ido, sai dai a kaikaice. Da safe na ce ya raka ni gona mu duba gero. Muna tafe ina gaba yana baya, na fara zancen Pillars, wai yadda za ta yi ta dawo. Can na ce, "Bana ni da kai da Pillars duk aji ɗaya za mu maimaita."

Na yi zaton zai yi dariya. Bai yi ba. Ya ce, "Baba, ita Pillars ba a nuna ta da yatsa a lakwal."

Wannan magana ta tsaya mini. Ni malami ne, na san abin da yake nufi. Yaron da ya maimaita aji yana zaune ne da ƙannen abokansa. Ya fi kowa tsawo a layi. Kuma mu malamai muna da muguwar al'ada: ranar farko mu ce tsofaffi su ɗaga hannu, in ɗayansu ya kasa amsa mu ce, "Kai da ka ji wannan bara ma?" Ajin ya kwashe da dariya, mu wuce. Na yi wa 'ya'yan mutane haka ba sau ɗaya ba. Ban taɓa tambayar kaina nawa ne cikinsu suka je wajen tela da wando daga baya ba.

Na ce masa gaskiyarsa ce, za a nuna shi, ba ni da ikon hanawa. Abin da nake da iko a kai shi ne gida. Na ce na san zancen wandon. Ban yi faɗa ba. Na roƙe shi shekara ɗaya. Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce to.

Shekarar da ta biyo baya ta koya mini mene ne rukuni na biyu. Gasar NNL ba a nuna ta a gidan kallo. Yaran da ke biyan kuɗi su kalli Real Madrid da Barcelona ba su ma san tana nan ba. An daɗe ana jira kafin a fara, sai cikin 2023. Sakamako sai dai ka bi shi a Facebook, in intanet ta yarda, ko wani ya turo a WhatsApp, wani lokaci har sai washegari. Gasa ce ta dogayen tafiye-tafiye a mota da filaye marasa ciyawar kirki, kuma duk ƙaramar ƙungiyar da ta haɗu da kai, wasan rayuwarta take bugawa don ta ce ta doke tsohon zakara. Ba kowa ke fitowa ba. Mighty Jets ta Jos ita ce ta fara ɗaukar kofin lig na Najeriya a 1972, amma yau yaro nawa ne ya san sunanta? Tsohon suna ba ya cin wasa.

Abin da ya fi ƙarfafa mini gwiwa shi ne Rabi'u Ali, wanda ake kira Pele. Kyaftin ne, ya ɗauki kofuna da Pillars, shekarunsa sun ja, babu wanda zai zarge shi in ya ajiye takalmi a ranar da aka faɗi. Bai ajiye ba. Ya bi ƙungiyar ƙasa, ya shiga motar da yara sa'o'in ƙannensa suka shiga. Duk lokacin da na ga sunansa a jerin 'yan wasa sai in ji kunyar wata biyun da na yi ina amsa gaisuwa da hanci.

A gida kuma muka koma tushe. Na zauna da littattafansa na shekara huɗu. Ashe ba darasin ajin ƙarshe ne ya kayar da shi ba. Tun daga lissafin rabi da sulusi da kwata na ajin farko ƙafarsa ta goce, duk abin da aka gina a kai kuma a kan rairayi aka gina shi. Na gwada koya masa da kaina, kwana uku na gane ba zan iya ba. Haƙurin da nake da shi ga ɗan wani ba ni da shi ga nawa, shi ma da ya ga inuwata sai kansa ya kulle. Sai muka yi musaya da wani abokin aikina: ya ɗauki ɗana, na ɗauki 'yarsa, ba kuɗi a tsakani. Malamai 'yan'uwana, ku gwada wannan, yana aiki. Na rage darasin yamma da kwana biyu a mako, aljihuna ya ji a jikinsa. Ɗebo ruwa muka raba shi tsakanin yara, ranar Lahadi ni ke kora jakin. Takardar sakamako kuma na koyi karanta ta daga sama har ƙasa, darasi bayan darasi, kafin in dubi na nawa ya zo.

Na koma fada. Ban iya ba da haƙuri da baki yadda ya kamata ba, sai na sayo sukari da ganyen shayi na ajiye a kan keken ɗinkinsa. Ya duba ya ce, "Wa aka doke?" Na ce, "Ni." Shi ke nan. Ɗansa, wanda na mayar sandar duka, shi ne ya riƙa zuwa kowace Asabar yana bitar Faransanci da nawa.

A nan ne na gane irin hamayyar da ta dace da mu, kuma ba sai mun aro ta daga ko'ina ba. Muna da taubasantaka. Bagobiri da Bazabarme, Bafillace da Babarbare, kowa ya san yadda suke yi wa juna. Har hukumar UNESCO ta sa wannan al'ada ta Nijar cikin gadon al'adun duniya a 2014. Taubashi yana da izinin ya yi maka ba'a a tsakiyar kasuwa, amma da sharaɗi: ba ya zubar maka da jini, ba ya kuma wuce ka a cikin wahala. Abin da tela ya yi mini ke nan. Wata biyar ba ma magana, amma da ya ga gidana zai kama da wuta bai tsaya lissafin wa ya zagi wa ba. Abin da aka yi wa motar Katsina kuwa, da abin da na faɗa a daren nan a gaban ɗana, ba hamayya ba ce, rashin tarbiyya ne. Kuma yara suna kallo. In muka ga 'yan aji suna dambe a kan Barcelona da Real Madrid, ƙungiyoyin da ba su san akwai Dakoro a taswira ba, mu tambayi kanmu a bakin wa suka fara jin cewa abokin hamayya maƙiyi ne.

A tsakiyar 2023 aka tara ƙungiyoyi takwas a Asaba don fitar da huɗun da za su hau. Pillars ta hau, Katsina United ta hau, tare da Heartland da Sporting Lagos. Kofin Heartland ce ta ɗauka, ita ɗin dai da ta tare mu a 2009. Mun faɗi tare, mun tashi tare, a daren kowa ya sayi sukari. Ɗana kuma ya ci jarrabawarsa. Ba a jerin farko ba, sai da ya je zagaye na biyu, kuma ba da wani maki na a zo a gani ba. Amma da aka kira sunansa, ni da ba na kama sunan, na ji shi a bakin wani ya fi mini kowane kofi daɗi. Na yi alkawarin kai shi Ƙofar Mata ya ga abin da na gani, tela ma ya ce zai bi mu don ya yi mana dariya. Sai juyin mulkin 26 ga Yuli ya zo, aka rufe iyaka, ba a buɗe ba sai Maris na 2024. Har yau bashin tafiyar nan yana kaina.

Da zan so in tsaya a nan, amma labarin bai tsaya ba. A Oktoban 2025, a wasa da Shooting Stars ta Ibadan, magoya bayan Pillars suka sake kutsawa cikin fili a Kano. Aka sake cin tara, aka sake zaftare maki uku, aka sake rufe filin. Ina aka tura ta buga wasanninta na gida? Katsina. Tela ya yi mako guda yana gaishe ni da "Sai 'yan haya!" Wannan karon ban kare kowa ba. Na ce masa abin kunya ne, kuma a gaban yara na faɗa. Ƙungiya ta hau, amma cutar da ta kayar da ita ba a yi maganinta ba.

Ni ma ban warke sarai ba. Yaron yanzu yana ajin ƙarshe na lise, bakaloreya na gabansa. A zangon da ya wuce ya kawo wani maki mara kyau, kafin in ankara na ji muryata ta tashi, "ka kunyata ni" tana bakin harshena. Mahaifiyarsa ce ta ce daga madafa, "Malam, za a sake kai ku Katsina fa." Na haɗiye maganar, na ce ya kawo takardar mu duba.

Iyaye da malamai, kowace shekara ana karanto sunaye a harabar makarantunmu, kuma waɗanda ba a kira ba suna da yawa. Suna komawa gidajenmu ne, a Oktoba kuma wasunsu su dawo azuzuwanmu. Kafin mu tambayi yaro me ya sa ya faɗi, mu fara lissafa makin da mu muka zubar masa: aiken da ba ya ƙarewa, tambayar da muka mayar abin dariya, ɗan maƙwabci da muka mayar bulala. Sannan mu bi shi rukunin da ya faɗa, mu zauna tare da shi a can, inda babu 'yan kallo kuma babu tafi. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. In muna iya yi wa ƙungiyar da ba ta san mu ba wannan biyayya, 'ya'yanmu sun fi cancanta.

Wandon yana nan a akwatina, ya yi masa kaɗan yanzu. Tela ya ce in Allah Ya sa yaron ya sami jami'a, shi da kansa zai ɗinka masa sabo, da aljihun ciki, kyauta, don kada a yanke masa kuɗin mota a tashar Maraɗi. Ban san ko zai ci bakaloreya a karon farko ba. Na dai riga na san inda zan tsaya in ba a kira sunansa ba.

Allah Ya shirya mana zuriya, Ya shirya mu tare da su.